Gangar Yaya Inuwa, Shekara Goma Sha Biyu Babu Fata

A watan nan yayana, Malam Inuwa, ya cika shekara goma sha biyu da rasuwa, Allah Ya kyauta makwancinsa. Na saba duk shekara idan lokacin ya zagayo in sa a soya waina a raba wa maƙwabta, in yi masa addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni. Abin da na gani a gidanmu na Soron Ɗinki cikin 'yan makonnin nan ya tsaya mini a maƙogwaro, ya ƙi wucewa, ya ƙi fitowa. Ni kuwa tsohuwar shugabar makarantar firamare ce, na ƙare ƙuruciyata ina ɗaga murya a gaban yara da iyayensu, ban taɓa iya haɗiye magana ba. Mai karatu ya yi mini haƙuri, yau sai na amayar da ita.

Gidanmu gidan karatu ne da kasuwa. Mahaifinmu, wanda kowa ke kira Malam, yakan ba da karatu a zaure da safe, da hantsi ya tafi rumfarsa ta yadi. Babban wanmu, Alhaji Babba, shi ya gaji buzun da rumfar duka. Yaya Inuwa ne ya fita zakka. Tun yana firamare ya ji 'yan badujala sun wuce da gangunansu ya bi su, kuma zan iya cewa bai dawo ba har ya koma ga Allah. Malam ya yi faɗa, ya yi nasiha, ya yi fushi, daga baya ya girgiza kai ya ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Wanda bai tashi a cikin birni ba ba zai gane nauyin abin ba. A wurinmu kiɗa yana da gidajensa, gadonsa ake yi, ɗan malam kuwa da ganga rataye a kafaɗa abin nuni ne da baki. Yaya ya samu aikin koyarwa, aka ba shi darasin motsa jiki, shi kuma ya mai da shi na fareti. Makarantu suka riƙa aronsa yana haɗa musu 'yan badujala, har yara suka manta sunansa, sai dai Malam Fareti.

Gangar da yake ji da ita wani tsoho ne ya ba shi, wanda ya yi ritaya daga badujalar soja bayan hannunsa ya fara rawa. Ba babba ba ce. Faɗinta kamar babban faifai, zurfinta bai kai taƙi guda ba. Jikinta tagulla ce zalla. Fata biyu gare ta, ta sama mai kauri ita ake bugu, ta ƙasa siririya, kuma a jikin ta ƙasan aka shimfiɗa wasu siraran wayoyi murɗaɗɗu, su ke ba ta ziza. A gefe akwai ɗan hannu, idan an ɗaga shi wayoyin su manne da fatar, idan an sauke su saki. Kewaye da bakinta notuna ne da ake juyawa da ɗan makulli, a ja fatar ko a sassauta ta. Fatar roba ta shigo a zamaninsa, ya ce shi da ita sai dai kallo. Da ƙafarsa yake zuwa wurin majema, ya ɗaga fata a rana yana dubawa kamar mai zaɓen yadin lefe, ya ajiye goma kafin ya ɗauki ɗaya.

Na ji wannan ganga fiye da kowa a gidanmu, domin ni ma malamar makaranta ce, nakan kai ɗalibaina filin fareti. Yakan ce mini, Uwani, ta katako muryarta a dushe take, ta baƙin ƙarfe ihu kawai ta iya, amma tagulla magana take yi. Nakan ce masa kowane gauta ja ne a bakin mai talla. Na ɗauka cika bakin mai sana'a ne, sai ranar da na tsaya dab da shi. Idan ya sauke sanda ɗaya a tsakiyarta, ƙarar takan ratsa fili har ka ga yaron da ke can ƙarshen layi ya zabura ya gyara kafaɗa, amma ba ta zafin kunne. Akwai wani kauri a ƙarƙashin ƙarar, da wani zaƙi da ke biyo bayanta ya ɗan jima kafin ya mutu. Idan ya matsa gefe ya riƙa mirgina sandunan a hankali, sai ka rantse yayyafi ne ya fara a rufin kwano, ya yi ta ƙara masa ƙarfi har ya zama ruwa kamar da bakin ƙwarya, sannan ya yanke shi da bugu ɗaya. Idan ya saki wayoyin sai ta koma gangarmu ta gida mai zurfin murya, har masu tallar gyaɗa a bakin fili su fara gyaɗa kai. Wani lokaci ya kwantar da sanda ya riƙa ƙwanƙwasa bakin ƙarfen kawai, ƙas, ƙas, yara na tafiya a kai ba hayaniya. Ganga ɗaya ce, amma idan ka rufe ido ba za ka yarda mutum ɗaya ne ba.

Kuma bai tsaya a abin da tsohon sojan ya koya masa ba. Yakan je Ƙofar Mata ya tsaya a bakin ɗakin masu bugu, waɗanda ke dukan rinannen yadi da gudumar katako don ya yi sheƙi, yana sauraron yadda mutum biyu ke amsa wa juna, wannan ya sauke wancan ya ɗaga. Har tsokanarsa suke yi, suna cewa Malam ko dai a ba ka guduma ne. Ya kwaso wannan bugun ya saka a fareti. Shi ya sa yaran cikin birni ƙafarsu ba ta ɓata idan suna bayansa, domin abin da suka tashi suna ji a lungu ne aka dawo musu da shi.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. An gayyace ni taron wata makaranta, na ga yara na fareti babu ganga ko ɗaya, wani saurayi ne ya jona wayarsa da sifika. Da janareta ya mutu, yaran suka yi cirko-cirko a tsakiyar fili, wasu ƙafa ɗaya a sama, ba wanda ya san abin yi. A gidajen biki kuwa ƙarar ta ninka ta da, ƙirjinka na girgiza, amma ba ka jin hannun mutum a ciki. An ce idan kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, na yarda, ni ma ba na son in zama tsohuwar da komai na yanzu bai yi mata ba. Yaya kuwa na san ba zai yi dogon surutu ba, ba halinsa ba ne. Zai saurara, ya karkata kai, ya ce wannan fatar ba ta taɓa cin ciyawa ba, ya yi dariyarsa ya wuce. Filin da ya fi koyar da yara a cikinsa ma an yanka shi an yi shaguna.

Ya rasu bayan gajeriyar jinya, ya bar matarsa Rabi da 'ya'ya huɗu, babban bai gama sakandare ba. Ni a lokacin aure da aiki sun kai ni Gusau. Na zo na zauna har aka yi arba'in aka raba gado, wanda bai ci lokaci ba domin abin rabon ba shi da yawa. Da aka zo kan gangar, malamin da ke rabon ya ce kayan kiɗa ba a yi musu ƙima, a ajiye ta gefe. A raina daɗi na ji, na ce shi ke nan ta zauna wurin Rabi, ba mai sayarwa, ba mai rabawa. Tana da baƙin akwatinta zagayayye, aka ɗora shi a kan sif a ɗakin Rabi, aka yafa masa ƙyalle. Duk zuwan da na yi bayan nan, da Salla ko da biki, ina shiga ɗakin sai na ɗaga kai na dube shi. Ban taɓa cewa a sauko da shi ba, zuciyata ba za ta ɗauka ba. Rabi kuwa ta kama sana'ar gurasa, aka gina mata tanderu a bayan madafi, da ita ta riƙe yaran har suka zama mutane. Ban taɓa komawa Gusau ba tare da ƙullin gurasarta ba.

Bara na yi ritaya na dawo Kano, na zauna a Goron Dutse. Kwanakin baya, a ƙofar wani gidan gaisuwa, wani magidanci mai furfura a gemu ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni. Ya ce sunansa Nura, yana cikin yaran Malam Fareti na da, yanzu shi ke koyar da badujala a wata makaranta a bayan gari. Ya ce gangunan da yake da su na gwangwani ne da fatar roba, yaransa sun ɗauka haka ganga take. Roƙonsa ɗaya ne, a ba shi aron ta tagullar ko na yini guda, yaran su ji da kunnensu. Na ce masa don wannan ya kwantar da hankalinsa, tana nan a akwatinta ko ƙuda bai taɓa ta ba. Har da bugun ƙirji na faɗa.

Washegari da hantsi na je gidanmu na Soron Ɗinki. Na jiyo motsin Rabi a madafi, na ce bari in sauko da akwatin kafin ta fito. Na taka kujera, na jawo shi da ƙarfin wanda ke tsammanin nauyi, saura kaɗan in kifa ta baya. Sakayau na ji shi. Na buɗe shi. Sanduna biyu, da zoben ƙarfe ɗaya, da wayoyin nan naɗe a tsumma. Babu ganga. Abin da ya fara zuwa raina ɓarayi, sannan 'yan gwangwan masu saye da awo. Na fita tsakar gida ko takalmi babu, ina ƙwala wa Rabi kira.

Na same ta a kujera 'yar tsuguno, babban daro a gabanta. An gitta itace biyu a bakin daron, an ɗora wata ƙatuwar rariya, tana zuba fulawa tana murzawa da tafin hannu. Na sha ganin rariyar nan. Gari ya rufe ta fari fat, ban taɓa yi mata kallo na biyu ba, wa ke tsayawa kallon rariya? Ranar ce idona ya sauka a kan ɗan hannun nan na gefe, da notunan, da inda yatsun Rabi suka goge garin, tagulla na leƙowa. A gurbin fata an shimfiɗa ragar waya an ɗaure tamau. Ɗan makullin yana rataye a ƙusa kusa da muciya.

Ban san sau nawa na ce innalillahi ba. Na zauna daɓas a kan turmi, abin da na shekara ina hana yara. Gangar da ke tsayar da fili guda cak, gangar da mai ita ba ya yarda a ajiye ta a ƙasa, ita ake tankaɗe da ita! Kuma ni Uwani shekara da shekaru ina cin gurasar ina santi, ina kai wa maƙwabtana tsaraba ina yabon laushinta. Lallai rashin sani ya fi dare duhu. Ba zan ɓoye ba, na zazzaga mata masifa. Na tambaye ta ko rariya ce ta ƙare a kasuwa. Na tambaye ta abin da Yaya ya yi mata da har ta rama a kan gangarsa bayan ƙasa ta rufe masa ido.

Na yi ta yi har na gaji don kaina. Ta karkaɗe hannunta ta ce, "Kin gama, Malama? To sauka daga kan turmin nan, ga kujera, ki zauna ki ji."

Ta ce bayan na koma Gusau da 'yan kwanaki, Alhaji Babba ya yi sallama ya tsaya daga bakin ƙofarta. Ya ce ya haƙura da ganga a gidan Malam ne saboda mai ita ɗan'uwansa ne, yanzu mai ita ya tafi, ita ma sai ta tafi. Ya riga ya yi magana da masu sayen tagulla, washegari za su zo su ɗora ta a sikeli, daga nan sai maƙera a narka ta.

"Ina cikin takaba," in ji ta. "Ba ni da ikon taka ƙofar gida, balle in kai ta wani wuri in ɓoye. Wa zan aika a gidan nan Alhaji bai sani ba? Ke kina Gusau, kafin ki iso an gama. Na zauna na dube ta, na ce wallahi abin da hannunsa ya shafa duk shekarun nan ba zai zama awarwaro a hannun wata ba. Na ɗauko wuƙar yanka kuɓewa na yanke fatar da kaina, sama da ƙasa. Na kwance wayoyin na adana. Na farke babbar rariyata na ɗaura mata ragar. Da Alhaji ya zo da mutanen, na turo musu ita da gari a ciki, na ce a gaya masa babu ganga a ɗakin nan, sai rariya. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya sallame su."

Na ce to me ya hana ta gaya mini duk tsawon lokacin nan?

"In gaya miki ki zo ki tada gida, ki hau mota ki koma ki bar ni da shi? Ni da marayu huɗu a nan muke kwana, Malama."

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na zo tuhumar wadda ta wulaƙanta gangar, na tarar ita ce ta tsaya tsakaninta da wuta. Amma kaɗuwar ba ta ragu ba, wuri kawai ta sauya. Har yanzu ina hango ta ita kaɗai a ɗaki, cikin kayan takaba, da wuƙa a hannu, tana yanka fatar da mijinta ya zaɓo da kansa, tabon sandarsa na nan a tsakiyarta bai goge ba. Na ba ta haƙuri, ta ce ba komai, ta ci gaba da tankaɗenta.

Sauran fushin na kwashe shi na kai zaure. Alhaji Babba ya tsufa, ido ya yi rauni, yana zaune a buzun Malam da carbi a hannu. Na faɗi duk abin da ke bakina, duk da ya girme ni nesa ba kusa ba. Tsawa na yi tsammani. A hankali ya ce, "Uwani, ke kina tuna kiɗansa, ni ina tuna kabarinsa. Duk bugun da aka yi mata bayan ransa, wa za a rubuta wa? Ƙanena ne fa. Ni na saka shi a rami da hannuna." Ya share ido da bakin rawani. Sannan ya ce maganarsa tana nan inda take, rariya ta zauna iya zamanta, amma ranar da aka mayar mata da fata ba za ta ƙara kwana a gidan Malam ba.

Ni ba malamar fiƙihu ba ce, lissafi da Hausa na koyar. Na san malamai sun yi saɓani a kan kiɗa, kuma ba a shafin jarida za a raba wannan gardamar ba. Abin da ya girgiza ni shi ne na shiga zauren nan ina neman mugu ban same shi ba. Mutum biyu, kowanne yana son Yaya Inuwa iya ƙarfinsa, tsakaninsu suka rufe bakin gangarsa. Da yana nan ina jin da ya rasa wanda zai ba gaskiya, domin shi bai taɓa ɗaga wa Alhaji murya ba, kuma bai taɓa iya ganin ɓacin ran Rabi ba.

Magana ta dawo kan Rabi. Idan ganga ta samu fata, ta bar gidan ke nan, ta rabu da abin da take tashi da shi kullum ta wuni hannunta a kansa. Idan ta zauna kuwa, ta zauna bebiya har abada. Ban matsa mata ba, ɓarnar da bakina ya yi ranar farko ta isa. Na je na gaya wa Malam Nura gaskiya, ya riƙe baki. Bayan 'yan kwanaki ita da kanta ta aiko a kira ni. Na tarar ta wanke ta ta saka a akwatin. Ta ce a kai wa Malam Nura ya ɗaura fatar, amma da sharaɗi, za ta je ta ji, idan an gama a kwance a dawo mata da abinta.

Malam Nura ya yi kwanaki yana ciro busasshen gari daga cikin notunan da tsinke. Ya goge jikin da tsamiya da toka har kana ganin fuskarka. Ya je wurin majema kamar yadda ya ga malaminsa na yi, ya jiƙa fatar, ya naɗe ta a zobe, ya bar ta ta bushe a hankali. Wayoyin kuwa ko tsatsa ba su yi ba, ashe Rabi takan shafa musu man keke lokaci-lokaci.

Ranar wata Asabar bayan la'asar muka shiga adaidaita sahu ni da ita muka je makarantar. Aka ajiye mana benci a gindin darbejiya. Yara sun yi layi da gangunansu na gwangwani. Malam Nura ya rataya ta tagullar, ya ɗaga ɗan hannun, ya sauke sanda ɗaya a tsakiya.

Ni da na san muryarta sai da na zabura. Shekaru sun rage mini ita a ƙwaƙwalwa, na manta girmanta. Tattabarun da ke kan rufin aji suka tashi gaba ɗaya, yaran suka daskare. Hannun Malam Nura bai kai na Yaya ba, shi ma ya sani, amma tagullar ba ta rage komai ba. Ya bi ta salo-salo, ya ɗaure wayoyi ya saki, ya sassauta ya ƙara, kafin a jima yaran sun ɗauki tafiya ba wanda ya ba su umarni.

Na juya in ga Rabi. Ta dafe ƙirji da hannu biyu, baki a buɗe, ido waje. Ba kuka take ba, firgici ne a fuskarta. Na riƙo ta na ce lafiya? Ta ce, "Malama, dama haka take?" Ban gane ba. Ta ce, "Ni ban taɓa jin ta ba."

Na ce wace irin magana ce wannan, ke da kika zauna da shi shekara ashirin? Ta ce a gida ba ya buga ta sai ya rufe ƙofa, ya saki wayoyin, ya ninka tawul ya shimfiɗa a kan fatar, don kada Malam ya jiyo daga zaure, bayan Malam kuma saboda Alhaji. Abin da ta sani a matsayin kiɗan mijinta wani ɗan dum-dum ne kamar ana daka a gida na uku. Filin fareti kuwa matan auren gidanmu ba sa zuwa. Idan ya dawo yana zufa yana ba ta labarin yadda fili ya ɗauka, takan yi masa sannu ta kawo ruwa, a ranta tana mamakin abin da mutane ke ji a wannan dum-dum ɗin.

Wannan ya fi rariyar kaɗa ni. Ni ina waje na ji, ita tana ciki ba ta ji ba, kuma bai taɓa zo mini a rai ba. Ta sa wuƙa, ta tsaya wa Alhaji, ta riƙe abu duk shekarun nan don kawai nasa ne, ba ta san abin da ke cikinsa ba. Kuma shi Yaya, Allah sarki, wadda ya fi so ta ji ita ce ba ta ji ba.

Da aka tashi Malam Nura ya cika alkawari. Ya durƙusa a gabanta da gangar, ya fito da makullin zai kwance. Ta ɗora tafin hannunta a kan fatar, ta daɗe haka. Sannan ta ce, "Bar ta, Malam. Na rufe mata baki sau ɗaya ban san abin da nake rufewa ba. Ba zan ƙara ba." Ya ce, "Hajiya, ai taki ce." Ta ce, "Tasa ce. Ku dai riƙa goge ta, ba ta son danshi."

Tun daga ranar nake auna abin da ya rage na Yaya Inuwa. Bai bar gida ba, bai bar rumfa ba, ko kaset ɗaya na kiɗansa ba mu da shi. Akwai 'ya'yansa da suka girma da gurasar da ta bi ta cikin gangarsa, akwai magidanta irin su Malam Nura masu tafiya kafaɗa a miƙe. Akwai kuma wansa a zaure, da har yau yake masa tsoron kabari. Ina roƙon Allah Ya sa tsoron nan ya zama addu'a karɓaɓɓiya, Ya dubi yaran da ya tarbiyyantar, Ya yafe masa abin da ya yi ba daidai ba, mu ma Ya yafe mana. Gangar tana magana yanzu duk ranar fareti, can bayan gari, inda ba a jiyo ta daga Soron Ɗinki.

A hanyarmu ta komawa Rabi ta ce wa mai adaidaita ya tsaya a bakin kasuwa, domin gobe akwai kwaɓi. Ta shiga ta sayo rariya irin ta kowa, ta katako da raga. Ta dawo ta zauna, ta ɗora ta a cinya tana jujjuya ta. Can ta ce, "Ba ta da nauyi." Tana riƙe da ita har muka shiga lungu.